Gine-gine a Nijar: wa ke tsaya wa magini ranar da ya faɗo?

Duk wanda ya daɗe rabonsa da Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, in ya komo yau sai ya nemi ɗan jagora. Inda ya bar fili zai tarar da bene, inda ya bar turɓaya zai tarar da kwalta. Sana'ar gini ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙofofin da kuɗi ke shiga da fita a ƙasar nan. Amma mutumin da ke can bisa katako da cokalin gini a hannu, shi da leburan da ke miƙa masa bulo, yawancinsu babu sunansu a kowace takarda: ba su cikin sandika, ba su da lamba a asusun CNSS, kuma ranar da ƙafa ta zame, daga su sai Allah sai danginsu. Wannan giɓi ba magina kaɗai yake ci ba. Yana cin aljihun ɗan kasuwa mai gini, yana cin baitulmalin gwamnati.

Shekarun siminti

Ƙidayar jama'a ta 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 kuwa ta samu miliyan 17 da ɗoriya. Jama'ar da ta ninka haka dole ta nemi ɗakin kwana da lakwal da asibiti da kasuwa. A kan wannan buƙata sai manyan ayyuka suka zo suka hau. An buɗe matatar man fetur ta SORAZ kusa da Damagaram a watan Nuwamban 2011, a shekarar da Yamai ta samu gadarta ta biyu bisa kogin Kwara, bayan gadar Kennedy ta yi shekara 40 tana ɗaukar kaya ita kaɗai. Gada ta uku, mai sunan Janar Seyni Kountché, an buɗe ta a 2021.

Bikin 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi jaha jaha ya kai siminti can cikin ƙasa: Dosso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018. Taron shugabannin Tarayyar Afirka da Yamai ta karɓa a watan Yulin 2019 ya sa aka sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani, aka tsayar da manyan otal cikin gaggawa. A Malbaza, sabuwar masana'antar siminti an gina ta ne don ta iya fitar da ton 650.000 a shekara. Bututun ɗanyen mai daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2.000, ya fara kai mai ga jiragen ruwa a 2024.

Waɗannan su ne ayyukan da ake yanka wa ƙyalle. Bayansu akwai dubban ƙananan wuraren gini, wato shantiye, da babu mai ɗaukar hotonsu: ɗan kasuwa na ɗora bene bisa shagunansa, ma'aikacin gwamnati na tada gidansa ɗaki ɗaki daga albashi zuwa albashi, ɗan ci-rani na aiko kuɗi daga Abijan ko Libiya a zuba masa rufi. Ambaliyar damanar 2024, wadda ta kashe fiye da mutum 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, ta kuma rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ta ƙara tura jama'a daga laka zuwa siminti. A watan Oktoban wannan shekara gwamnati ta rage farashin siminti da kashi 35 cikin ɗari, ton ya koma jika 55 a Yamai. Mafi yawan magina a irin waɗannan ƙananan shantiye suke neman abinci, kuma nan ne idon hukuma bai cika kaiwa ba.

Yadda kwangila ke gangarowa

Kafin a gane dalilin da ya sa lebura ba shi da gata, sai an bi kwangila daga sama har ƙasa. Mai gini, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, yana ba kamfani aiki. Kamfani ya ɗauki ɗan abin da zai iya, sauran ya yanka shi gunduwa gunduwa ya ba ƙananan ƴan kwangila, waɗanda ake kira tâcheron da Faransanci: wannan ya ɗauki haƙar tushe, wannan ɗaurin ƙarfe, wancan shafe. Ƙaramin ɗan kwangila an yi jinga da shi, kuɗinsa a ƙayyade suke, saboda haka ribarsa tana cikin abu biyu: ya gama da wuri, ya kashe kaɗan. Shi ne zai fita da sassafe ya ɗebi leburori a bakin hanya, a yi ciniki da baki, a biya da yamma.

A kowace gaɓa ta wannan sarƙa ana cire riba, kuma abin da ake fara yankewa shi ne abin da mai gini ba zai gani a jikin bango ba: hular kwano, takalman aiki, safar hannu, katakan hawa masu ƙwari, igiyar ɗaure ƙugu. In hatsari ya auku, sarƙar nan ita ce mafakar kowa. Kamfani ya ce bai san yaron ba, ƙaramin ɗan kwangila ya ce ba shi da hali, mai gini ya ce shi ya biya kuɗinsa cif. Sai a yi karo-karo a kai shi asibiti, a ba iyalinsa ɗan abin sadaka, a ce ƙaddara ce, gobe aiki ya ci gaba.

Abin da ke kashe magini

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato OIT, ta ƙiyasta a 2005 cewa aƙalla mutum 60.000 ke mutuwa kowace shekara a wuraren gini a duniya, kimanin mutum ɗaya ke nan duk minti goma, kuma cikin kowane mutum shida da hatsarin aiki ya kashe, ɗaya a wurin gini ya mutu. Hanyoyin mutuwar sanannu ne, ba su canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa.

Na farko faɗowa daga sama. Katakan hawa da aka haɗa da tsofaffin alluna da ƙusa biyu, aka ɗora bisa gangunan da babu komai a ciki, suna iya ɗaukar mutum ɗaya, amma ba su ɗaukar mutum uku da tulin bulo da kwanon kwaɓi. Daga bene na biyu zuwa ƙasa ya isa ya karya gadon baya. Na biyu ruftawar rami. Mita ɗaya ta ƙasa tsawo da faɗi da zurfi tana kai nauyin ton ɗaya da rabi, kuma ƙasa mai rairayi irin ta yawancin garuruwanmu ba ta gargaɗi kafin ta zubo. Mutanen Maraɗi ba su manta da watan Nuwamban 2021 ba, lokacin da ramukan haƙar zinariya suka rufta a yankin Ɗan Isa, aka rasa aƙalla mutum 18. Abin da ya faru da masu haƙar zinariya shi ke jiran mai haƙar tushe ko salga in ba a tokare bangon rami ba.

Na uku wutar lantarki: ƙarfen gini mai tsawon mita 12, in aka ɗaga shi bisa rufi kusa da babbar waya, ba sai ya taɓa ta sosai ba wuta ke tsallakowa. Na huɗu rufin kankare, wato dal. Kankare yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Mai gaggawar da ya cire sandunan tokara tun da wuri don ya kai su wani shantiye, ko ya rage ƙarfe, ko ya tsawaita siminti da yashi, ya ɗana tarko ga na ƙarƙashi, magini ne yau ko ɗan haya gobe.

Akwai kuma masu kisan mummuƙe. Ɗanyen siminti yana cin fata, shi ya sa hannun tsohon magini yake a farfashe. Ƙurar yankan bulo da dutse tana taruwa cikin huhu shekara da shekaru. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, leburan da ke hawa tsani da kwano a ka tun hantsi ba ruwa ba hutu, jiri kaɗai ya isa ya jefo shi.

Magina na dā ba su jahilci wannan ba. Itatuwan da suka fito daga jikin hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, su ne matakan da masu yaɓe ke takawa, an gina su tare da ginin tun farko. A birane irin Damagaram akwai Sarkin Magina, wanda ya san wane ne ya ƙware, wane ne bai isa a ba shi soro ba tukuna. Irin wannan horo na gado ne ya fitar da Falke Barmu, maginin masallacin Yama a jahar Tawa, wanda ya samu kyautar Aga Khan a 1986. Siminti ya zo da tsawo da nauyi da gaggawar da tsohon tsari bai sani ba, ya ture shi, sabon tsari kuwa bai kai ga kowa ba.

Abin da doka ta ce

A takarda, ma'aikacin Nijar ba maraya ba ne. Tun bayan da dokar 11 ga Afrilun 1946 ta soke aikin tilas, wanda da shi Turawan mulki suka gina hanyoyi da barikoki, sai dokar aiki ta 15 ga Disamban 1952 ta zo, kuma daga gare ta dokokin ƙasar nan suka gaji abubuwa da yawa. Dokar aiki ta 25 ga Satumban 2012, wadda ta maye gurbin ta 1996, ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare rai da lafiyar ma'aikatansa. Ta ce wurin da ke da ma'aikata fiye da 10 a zaɓi wakilan ma'aikata, wanda ke da 50 ko fiye a kafa kwamitin tsaro da lafiya. Ta kuma san da zaman ƙaramin ɗan kwangila: in ya kasa biyan haƙƙin mutanensa alhali aikin a shantiyen kamfani ake yinsa, kamfanin ne ke ɗaukar nauyin. A watan Fabrairun 2009 Nijar ta rattaba hannu kan yarjejeniyoyin OIT masu lamba 155 da 161 da 187, dukkansu kan tsaro da lafiya a wurin aiki.

Asusun CNSS, wanda aka kafa a 1965, shi ke biyan diyyar hatsarin aiki. Ma'aikacin da aka yi wa rajista, in ya ji rauni a wurin aiki ko a kan hanyarsa ta zuwa da komawa, mai ba shi aiki zai sanar cikin awa 48. Asusun zai ɗauki kuɗin magani, ya biya shi rabin ladansa na yini har kwana 28, daga nan kashi biyu cikin uku har ya warke. In ya naƙasa akwai kuɗin da za a riƙa ba shi, in ya rasu akwai rabon matarsa da ƴaƴansa.

Duk wannan alheri ƙofa ɗaya gare shi, ita ce rajista. Leburan da aka ɗauka da baki ba shi da takardar albashi, ba shi da lamba, sau da yawa bai ma san sunan kamfanin da yake wa aiki ba. Sufetocin aiki kuwa a manyan garuruwa suke zaune, kuma ƙaramin shantiye yana iya tashi ya ƙare cikin wata uku ba wanda ya leƙo. Hatsarin da ba a sanar ba ba ya shiga ƙididdiga, abin da bai shiga ƙididdiga ba kuwa ba ya tada hankalin kowa a ofis.

Sandika ta tsaya a bariki

A nan ne ake jin rashin ƙungiya. Ƙungiyoyin ƙwadago na Nijar suna da tarihin da ba a rainawa. Djibo Bakary ta hanyar sandika ya yi suna kafin samun ƴancin kai. Uwar ƙungiyar USTN, wadda ta samo asali daga UNTN ta 1960, ita da ɗalibai suka tilasta wa mulkin jam'iyya ɗaya buɗe ƙofa bayan kisan 9 ga Fabrairun 1990, har aka kai ga Babban Taron Ƙasa na 1991. Bayan karya darajar sefa a watan Janairun 1994, su ne suka yi ta fafutukar albashi. Daga baya gida ya rabu: CNT ta fito a 1996, CDTN a 2001, wasu suka biyo baya, kuma a zaɓen wakilcin ma'aikata na farko da aka yi a 2019, CDTN ce ta zo kan gaba.

Sai dai ƙarfin waɗannan ƙungiyoyi yana wurin masu albashin wata: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, ma'aikatan ma'adinai, na manyan kamfanoni. Dalili a fili yake. Mai albashi yana da wurin aiki ɗaya, ana iya samunsa, yana iya biyan kuɗin ƙungiya. Magini kuwa yau yana nan, gobe yana can, da damana ya koma gona, da rani ya nufi Aljeriya ko Najeriya. In ya ɗaga murya da safe, kafin azahar an maye gurbinsa, don masu jiran aiki a bakin hanya sun fi aikin yawa. Ƙungiyoyin ma'aikatan gini da ke akwai sun fi kama ƙafa a manyan kamfanoni, inda ake da ma'aikata na dindindin. Sakamakon haka, wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne ya fi kowa rashin mai magana da yawunsa.

Ba Nijar kaɗai ke da wannan matsala ba, kuma an ga abin da haɗin kai ke iya yi. Ƙungiyar ma'aikatan gini da katako ta duniya, wadda ake kira IBB da Faransanci, aka kafa ta a 2005, ta matsa lamba har ta samu a 2016 aka amince ta riƙa shiga binciken wuraren gina filayen ƙwallo na gasar cin kofin duniya a Katar, ƙasar da ba ta yarda baƙin ma'aikata su kafa sandika ba. Darasin shi ne, ƙungiya ba ta jira lebura ya zo ofishinta ba, ita ta je inda yake, ta kuma kama mai gini, ba ƙaramin ɗan kwangila ba.

Lissafin ɗan kasuwa

Mai gini zai ce duk wannan kuɗi ne. To, a yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30.047 zuwa jika 42 tun daga Janairun 2024. Bisa ƙa'idar da CNSS ke aiki da ita a farkon shekarun 2020, kason hatsarin aiki kashi 1,75 ne cikin ɗari na albashi, kuma mai ba da aiki ke biya. A kan jika 42, wannan ya kama sefa 735 a wata, dala 147 ke nan. Gaskiya ne ba a biyan wannan kaso shi kaɗai: in aka haɗa da na iyali da na fansho, abin da ke kan mai ba da aiki ya kai kashi 16,40, wato sefa 6.888 a wata. A farashin Oktoban 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya kama sefa 2.750 a Yamai. Ke nan cikakkiyar rajistar lebura ɗaya na wata guda ta kama kimanin kuɗin buhu biyu da rabi, a wurin da ake zuba ɗaruruwan buhuna.

A ɗaya gefen ma'auni sai a ɗora abin da hatsari ke ci. Aiki ya tsaya, ƴan sanda su zo, a yi ta zirga-zirga tsakanin asibiti da kotu. Dal ɗin da ya rufta sai an sake sayen ƙarfensa da simintinsa. Maginin da ya yi shekara goma yana koyo, in ya karye, ƙwarewarsa ta tafi da shi, kuma ƙarancin ƙwararru ne ke sa manyan kamfanoni ɗauko ma'aikata daga waje, albashinsu ya fice daga ƙasa. Gidan da ya rasa mai ciyar da shi ya daina sayen hatsi da atamfa a kasuwa, ya fitar da yara daga lakwal, ya koma kan wuyan dangi. Araha ba ta ado: abin da aka tsimi a kan hular kwano ana biyansa ninki a wani wuri, sai dai ba koyaushe wanda ya tsimi ke biya ba.

Shi ya sa ba a auna ci gaban jaha da yawan benaye kaɗai. Aikin gini yana daga cikin ƴan ayyukan da ke ɗaukar matashin da bai yi karatu mai zurfi ba, ya ba shi sana'a. In kuɗin gini ya bar ƙwararrun magina masu lafiya da lamba da fansho a Tawa ko Tasawa ko Konni, to ya zauna a gari. In ya bar guragu da zawarawa, bango kawai aka samu.

Abin da ya rage a yi

Makullin yana hannun mutane uku. Na farko ma'aikacin gwamnati mai ba da kwangila. An riga an saba neman takardar shaidar CNSS da ta sufeton aiki kafin a ba kamfani kwangilar gwamnati, amma takardar tana magana ne kan ma'aikatan ofishin kamfani, ba kan mutanen da ke cikin rami ba. Abin da ya kamata shi ne a ware kuɗin kayan kariya a matsayin layi mai zaman kansa cikin kwangila, yadda ba za a rage shi don cin takara ba, kuma kada a saki kowane kaso na kuɗi sai an ga jerin sunayen duk wanda ya yi aiki a shantiyen, har na ƙananan ƴan kwangila.

Na biyu ɗan kasuwa mai gini. Shi ke biya, maganarsa ce ke tafiya. Littafi ɗaya a bakin ƙofa da ake rubuta sunan kowa da safe, katakan hawa da ya duba da idonsa, randar ruwa da hutun tsakar rana a lokacin bazara, da haƙurin kwanakin da kankare ke buƙata, babu ɗaya cikinsu da ke neman izinin minista.

Na uku sandika. Tana buƙatar kati mai bin magini duk inda ya je, ba mai bin kamfani ba, da kuɗin ƙungiya daidai ƙarfin mai cin ladan yini, da wakilai masu zagaya unguwanni suna bayani da Hausa da Zabarmanci. Tana iya haɗa kai da sarakunan magina da ƙungiyoyin masu sana'ar hannu, ta nemi asusun koyar da sana'a na FAFPA ya sa darasin tsaro cikin kowane horo, ta kuma matsa wa CNSS ta sauƙaƙa rajistar mai aikin yini. Ranar 28 ga Afrilu, wadda OIT ta keɓe tun 2003 don tsaro da lafiya a wurin aiki, ta fi dacewa da shantiye a kan zauren taro.

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma magina sun fi kowa sanin haka. Jinkar da ake ɗagawa yau ta kankare ce, ta fi ta dā nauyi, mutanen da ke ƙarƙashinta kuwa suna jiran a fara da abu mafi sauƙi: a rubuta sunansu.